Shekarar da Na Ɓoye Hancina

Ku da kuka taso kuka gan ni da wannan hancin, ɗan tabo kawai kuke gani a gefen hagu, sai wanda ya ƙura ido sosai zai lura ƙofa ɗaya ta ɗan fi ɗaya tsukewa. Ƙananan cikinku ma na ji suna gaya wa abokansu wai harsashi ne ya goge ni lokacin rikici. Ƙarya ce, ko wa ya fara ta. Ba bindiga ba ce, ba bam ba ne, sa ne. Sa mai ƙafa huɗu da jela, wanda ni da bakina na yi cinikinsa. Na daɗe ina so in zaunar da ku in ba ku labarin nan, amma duk lokacin da na ɗauko shi sai harshena ya yi nauyi, shi ya sa na ce bari in rubuta. Ciwon kansa ba wani abin labari ba ne. Abin da nake so ku sani shi ne yadda kunyar ciwon ta sa na kusa jefa gidan nan gaba ɗaya cikin halaka, a shekarun da zargi kaɗai ya isa ya cinye mutum.

A lokacin ni dillali ne a kasuwar shanu ta Potiskum, sana'ar da na kama tun ina saurayi da na baro Gadaka. Dillali ba shi da sa ko ɗaya, jarinsa fuskarsa ce. Bafulatanin da ya koro shanunsa daga daji bai san Ibon da ya zo da tirela daga Kudu ba, shi ma bai san shi ba, amma su duka sun san Jibrin, kuma idan na ce sallama, an sallama. In faɗi gaskiya kuma, ina ji da fuskar tawa. Kakarku Iya tana da jinin Fulani, ta ba ni tsawo ta ba ni hanci har baka, kuma ban taɓa yin kamar ban san da shi ba. Mahaifiyarku Hajara takan ce tun da take ba ta taɓa ganin namijin da ke daɗewa wajen gyara zaman hula kamar ni ba. Ina dariya, amma ban daina ba.

Ranar da abin ya faru, ana lodi ne da rana tsaka. Wani bajimi fari ya cije a bakin tirela, 'yan lodi suna ja ta gaba, suna murɗa jela ta baya, ya ƙi motsi. Aikinsu ne, ba nawa ba, amma karambani ya sa na tattare riga na matsa, wai zan nuna musu yadda ake kama igiya. Ban gama buɗe baki ba ya kaɗa kai. Tsinin ƙahon ya shiga ƙofar hancina ta hagu ya yaga ta zuwa sama, ƙashin karan hancin ya karye. Aka ɗinke ni a nan gari don jini ya tsaya, sannan aka ce sai Kano, wurin likitan da ya san aikin fuska. Can aka yi mini tiyata, aka miƙar da ƙashin, aka haɗa naman da ya yage. Da na farka na ji iska tana shiga, na yi hamdala, na ɗauka an gama.

Ashe ba a gama ba. Da na dawo gida, ina ɗaki da bandeji, kumburi ya fara sacewa, sai hancin ya fara nuna abin da ya zama. Ƙofar hagu ta tsuke ta ɗage sama, kamar bakin jakar da aka zuge, ta dama kuwa tana nan a buɗe yadda Allah ya yi ta, ƙarshen hancin ya ɗan karkace. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, duk wanda ya kalle ni zai ɗauka yatsina nake yi masa. Ku yi tunanin dillalin da zai tsaya gaban san mutum da fuskar raini. Ga shi kuma idan na ja numfashi da ƙarfi, wani ɗan siririn fito yake fita ta ƙofar da ta tsuke. Na koma Kano a fusace, na shiga wurin likitan ko gaisuwar kirki ban yi ba. Mutum ne mai sanyi, ya ɗaga haɓata, ya haska fitila, ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, naman da ƙaho ya yaga, yana warkewa yana janyewa, kamar fatar da aka shanya. Ba kai kaɗai ke samun haka ba, kuma ana gyarawa."

"To a gyara yau, likita, ga ni na zo."

"Hanyoyin dai ga su. Akwai wata 'yar roba da za ka riƙa sawa a ƙofar idan za ka kwanta, ta hana ta ƙara tsukewa. Akwai a ɗan rage ta daman ta yi kusa da ta hagun, aiki ne mai sauƙi, amma duka biyun sun ƙanƙance ke nan. Akwai a yanko ɗan guringuntsi daga kunnenka a tokare gefen da ya janye, a sauko da shi, wannan ya fi wahala amma ya fi kyau. Akwai kuma ka bar shi haka, tunda kana numfashi."

"Na kunnen nake so."

"Na ji. Amma ba zan sa wuƙa yanzu ba. Sai naman ya kwanta, tabon ya yi laushi, kusan shekara. Idan na taɓa shi yanzu, garin neman gira za mu rasa ido. Kuma ko an yi, ban ce maka za su zama kamar an auna ba. Na kowa ma ba daidai suke ba."

"Shekara? Da wace fuskar zan shiga kasuwa?"

"Da wadda kake da ita, Alhaji."

Na ji haushin wannan amsar ƙwarai. Kafin in shiga motar gida na biya kasuwa na sayi farin rawani, ni da ban taɓa naɗa rawani ba ko ranar aurena. Na naɗa, na ja amawali, wato ɓangaren da ke rufe baki, na ɗaga shi har saman karan hanci, idanu kawai na bari. Na ce wa kaina shekara ɗaya ce, kamar yau ne, zan ɓoye har a gyara, sannan in fito kamar ba a yi komai ba.

Yanzu sai ku tuna wane lokaci ne wannan. Shekarun da mutanen daji ke shigowa gari da fuska a rufe, su yi harbi su ɓace. An hana hawan babur, an kafa shinge a kowace hanya, a ƙofar masallaci ma samarin unguwa suna laluben mutum kafin ya shiga. Mutane sun daina ambaton sunan mutanen nan da ƙarfi, don ba ka san wa ke kusa da kai ba. A irin wannan lokacin, babu abin da ke tayar da hankali kamar namijin da ba a ganin fuskarsa. Ni ba yaro ba ne, na san wannan sarai. Amma kunya ta rufe mini ido, na ga ai kowa ya san Jibrin, kowa ya ji labarin san, wa zai zarge ni? Na manta cewa a shekarun nan mutanen da kowa ya sani ne suka riƙa ba da mamaki.

Na koma kasuwa da rawanina. Fulani suka yi mini sannu suna kallon gefe. Akwai wani Ibo da ake kira Sande, wanda ya shekara da shekaru ba ya sayen sa sai ta hannuna, har iyalinsa sun san gidanmu. Ya zo ya tsaya nesa kaɗan, abin da bai taɓa yi ba.

"Alhaji Jibo, kai ne a ciki?"

"Ni ne mana, Sande, ba ka ji muryata ba?"

"Murya na ji. Amma ni fuskarka nake kallo in san ko sa yana da lafiya. Buɗe kaɗan, mu yi magana."

"Ciwo ne da ni."

"Ciwo ba laifi ba ne. Ni tsoro nake ji, Alhaji. Mutanenmu da yawa sun tafi gida, ni na tsaya saboda irinku."

Ban buɗe ba. Ya ce Allah ya sawwaƙe, ya wuce wurin wani dillalin. Na tsaya ina zaginsa a zuci wai ya ci amana, alhali mutumin gaskiya ya gaya mini. Ba a daɗe ba na daina zuwa kasuwar gaba ɗaya.

Masallaci ya biyo baya. A ƙofa sai samarin nan su ce, Baba, a ɗan sauke, in sauke kamar ƙiftawar ido in mayar. Wata rana a sallar azahar, sahu ya yi tsit, ni kuma na ɗan yi sauri a hanya, numfashina ya hau. Fiton nan ya fara, siriri, yana fita yana komawa, raka'a huɗu cur. Da aka sallame, wani tsohon tela da ke gefena ya waiga ya ce wa ya shigo mana da kanari masallaci. Aka yi dariya. Ba dariyar mugunta ba ce, irin wadda ni ma da zan yi ce in da wani ne, don a barkwanci ba a bar ni a baya ba. Amma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Daga ranar na koma salla a ɗaki. Kuma a wancan lokacin, alamar farko da ake gane wanda ya karkata ga mutanen daji ita ce ya daina bin limamin unguwa. Ku haɗa da kanku: mutum ya rufe fuska, ya bar kasuwa, ya bar jam'i, yana yawan zuwa Kano ba ya faɗin abin da ya kai shi, wani direban motar Kano kuma yana kawo masa ɗan ƙunshi a ƙulle. Robar hanci ce a ciki, amma wa ya sani?

Har a cikin gida ban sauke ba. Hajara kaɗai ke ganin hancin, sai Iya, wadda idonta ya riga ya yi rauni. Ku kuwa, manya da ƙanana, na hana ku shigo mini ɗaki sai na naɗa, abinci ma ni kaɗai nake ci, ƙofa a rufe. Wata safiya Iya ta sa aka kira ni, ta ce in durƙusa. Ta sa hannu ta janye amawalin, ta shafa hancin da yatsunta a hankali.

"Iska tana shiga?"

"Tana shiga, Iya."

"Kana jin ƙanshin miya?"

"Ina ji."

"To me kuma kake nema wurin hanci? Aure za ka sake? Jibrin, ka kiyaye ni. Abin da ya taɓa hanci, ido ke ruwa. Ba kai kaɗai ne a gidan nan ba."

Na ce to, na fito na mayar da abina. Hajara ba ta da haƙurin Iya. Gidanmu ne mai rijiya a layin, tun asuba mata da yara ke shigowa ɗiban ruwa, guga ba ya hutawa. Ita ta fara lura guga ya huta.

"Malam, ka san yau kwana nawa ba wanda ya shigo ɗiban ruwa? Suna wuce ƙofarmu da bokiti su tafi har bakin titi. An yi suna a maƙwabta ba a gaya mini ba. Na gai da mace a hanya ta amsa tana waige-waige."

"Su sha ruwansu can, mun huta da hayaniya."

"Ba hayaniya ake magana ba. Ana cewa kai nasu ne. Ka ji ko in maimaita?"

"Duk wanda ya faɗa, Allah ya isa."

"Allah ya isa ba ta tare bindiga. Hancin nan fa na gan shi, ba abin da ya yi. Wallahi da ka san yadda mutane ba su damu da hancinka ba, da ka ji kunyar wannan kunyar."

Na daka mata tsawa, na ce mace ba ta san darajar fuskar namiji a kasuwa ba. Ta ɗauki tsintsiyarta ta bar ni. Bayan haka mai unguwa ya zo da kansa, dattijon da muka yi shekaru muna zama a benci ɗaya. Ya ƙi shiga zaure, ya tsaya a waje inda kowa zai gan shi. Ya ce an tambaye shi a kaina, ya kare ni, amma bakinsa kaɗai ba zai isa ba. Ya ce in zo masallaci ranar Juma'a da hula kawai, in tsaya a sahun gaba, shi zai yi sauran bayanin. Na yi masa alkawari. Ranar Juma'a na yi wanka, na sa hula, na zo har bakin zaure, na ji muryoyin mutane suna wucewa, na fasa fita. Na koma ɗaki na ce wani makon, ai saura 'yan watanni a gyara.

Duk wannan zaman da nake yi, Yayanku Usman ne ke ciyar da gidan. Tun da aka hana babur ya koma tuƙa keke mai ƙafa uku, yana fita da safe ya dawo da abin cefane, bai taɓa cewa uffan ba. Shi ne ɗan fari, kuma kun san al'adarmu: uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya zama hira da shi, ba ya nuna ya damu da shi a gaban mutane. Tun da aka haife shi, kai nake ce masa, ko wannan yaron. Ko yanzu da nake rubuta sunan, hannuna nauyi yake yi. Saboda haka tsakanina da shi sai gaisuwa, ya durƙusa, in amsa ta cikin rawani, ya tashi.

Wata safiya aka yi harbi a wani gefen gari. Jami'an tsaro suka kewaye tashar da 'yan keke ke layi, suka tara duk wanda ke wurin don tantancewa. Kafin yamma an saki kusan kowa. Shi aka riƙe, saboda wani a cikin taron ya ce ɗan gidan mai rufe fuskar nan ne. Abokin aikinsa ne ya turo keken zuwa gida ya gaya mana. Hajara ba ta yi kuka ba, ita ma ɗan farinta ne, ba ta da bakin yi. Ta zo ta tsaya a ƙofar ɗakina.

"Tashi."

Na ce bari in yi tunanin wanda za a nema.

"An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A gidan nan kai ka ja, wani ya doka. In ba za ka je ba, ba ni rawanin in naɗa in je."

Sai da aka yi kwanaki mai unguwa da liman suna bin sawu kafin a san inda yake, a kuma yarda a saurare mu. Wani gida ne a bakin gari, an jera buhunan yashi a gabansa, ga mutane da yawa zaune a gindin itatuwa, kowa yana jiran labarin nasa. Zan gaya muku abin da ya fi komai ba ni kunya: har a wannan ranar na naɗa rawanin. Ɗana yana ciki saboda shi, amma hannuna ya saba, na naɗa na ja amawali. Muna tunkarar wurin, mai gadi ya ɗaga bindiga tun daga nesa ya yi ihu in tsaya, in cire, in ɗaga hannu. Mai unguwa da liman suka ja gefe. Na tsaya ni kaɗai a tsakiyar fili, rana a ka, na warware rawanin, ya zube a ƙasa. Duk mutanen nan suna kallo. Na taka a hankali, hannu a sama, hancin da na ɓoye wa 'ya'yana yana gaban kowa, yana fito saboda tsoro. Ba wanda ya yi dariya. Kowa da abin da ya dame shi.

Aka kai mu gaban babbansu, wani mutumin Kudu da ke jin Hausa. Mai unguwa ya yi bayani, liman ya yi, na miƙa katin asibiti. Ya ce a fito da yaron. Aka fito da Usman, ya rame, leɓensa ya bushe, rigar da ya fita da ita ce a jikinsa.

"Wane ne wannan?"

"Ɗana ne."

"Yaya sunansa?"

Na buɗe baki na faɗi sunan, a gabansa, karo na farko tun ranar da aka raɗa masa shi. Mutumin ya taso ya matso, ya kalli hancina ta wannan gefen, ya kalla ta wancan.

"Wannan ne kawai? Wannan kake ɓoyewa?"

Na ce shi ne. Ya girgiza kai ya koma ya zauna, bai ƙara ce mini komai ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Na ɗaga ido na ga Usman yana kallon hancin, shi ma ranar ya fara ganinsa, sannan ya sunkuyar da kai. Daga baya Hajara ta gaya mini abin da ya faɗa mata. Sun tambaye shi me ubanka yake ɓoyewa, ya ce ciwo ne, sa ya soke shi. Suka ce ka ga ciwon da idonka? Ya ce bai gani ba. Suka ce wane irin ɗa ne ke gida ɗaya da ubansa bai ga fuskarsa ba? Ni na hana shi ganinta. Sauran abin da ya gani a kwanakin nan bai faɗa wa kowa ba, ni kuma ba zan rubuta abin da ban sani ba.

Aka sake shi. Na koma masallaci da hula, na koma kasuwa, aka yi mini barkwanci na kwana biyu aka gaji, maƙwabta suka dawo ɗiban ruwa kamar ba a yi komai ba. Ni abin ya wuce a kaina cikin sauƙi. Shi ne bai wuce masa ba. Wanda aka taɓa riƙewa a lokacin nan, sunan ba ya goguwa, fasinja ya gane shi ya ce bari in jira na baya, 'yan layi su yi shiru idan ya iso. Ya jure na ɗan lokaci, sannan wata safiya ya durƙusa ya ce zai tafi Kano neman aiki. Ina so in ce masa ya yafe mini. Amma ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba, ban san ta inda ake farawa ba. Na ce Allah ya tsare, ya ce amin.

Da shekarar ta cika, na riga na yanke shawara ba zan yi gyaran ba. Na ce zan zauna da hancin haka har kabari, ya zama horona. Hajara ta ce ko ba komai in je in gaya wa likitan da bakina, kuma ita ce ta aika wa Usman cewa ina tafe. Ya tarye ni a tasha, ya karɓi jakata, muka tafi asibitin. Na lura ko da yake gaishe ni, gefen kafaɗata yake kallo. Likita ya duba, ya ce naman ya kwanta, tabon ya yi laushi, yanzu ana iya yi. Ya sake jero mini hanyoyin, ya ce na kunnen ne ya fi dacewa da ni, in har ina so. Na ce a ba ni lokaci. Muka fito muka zauna a benci, akwai tazarar mutum ɗaya tsakaninmu. Na yi magana ina kallon bango.

"Na fasa. Haka zan bar shi."

Ya amsa yana kallon ƙasa.

"Baba, a yi."

"Bayan abin da ya jawo? Da wane idon zan gyara shi?"

"Baba, ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Duk lokacin da na kalle shi, wurin nan nake gani. Ina so in riƙa kallonka, na kasa. A gyara shi, ko ni ma na huta."

Nan na gane horon da na zaɓa wa kaina ma, kaina kawai na duba a ciki. Na tashi na koma wurin likita na ce a sa rana. Aka yanko guringuntsi daga kunnena na dama aka tokare gefen, aka sauko da shi. Usman ne ya yi jinyata, shi ke kawo ruwan zafi, shi ke riƙe ni zuwa banɗaki. Ranar da aka kwance bandeji, likita ya tambaye ni yaya na gani. Usman na juya na kalla. Ya ɗago ya dube ni a fuska, ya daɗe yana dubawa.

"Ya yi, Baba."

Hancin ya gyaru, ba daidai kamar an auna ba, amma fiton ya tafi, yatsinar ta tafi. Usman kuwa bai sake kwana a Potiskum ba. Idan an yi rasuwa ko biki yakan zo ya wuni, kafin la'asar ya kama hanya, kuma ina jin ku kuna cewa Yaya ya manta gida, Kano ta ɗauke masa hankali. Ku bar faɗin haka. Ba Kano ce ta ɗauke shi ba. Ni na sa garin nan ya fi ƙarfinsa, a kan ƙofar hanci ɗaya da ta fi ɗaya, kuma har yau ban iya buɗe baki na roƙe shi gafara ba. Wanda ya fara gama karanta wannan a cikinku, ya kai masa.